Makrofaj: yadda mai gadin jiki ke buɗe wa sankarar baki ƙofa

Duk mai bibiyar binciken sankarar baki zai yi ta karo da kalmar makrofaj. Daga Girkanci ta fito, ma'anarta "babban maci". Wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ne da ke cikin tsokar jiki, suna haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin halitta. Masanin nan ɗan Rasha, Elie Metchnikoff, shi ya gano wannan haɗiya a 1882, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1908.

To, mai gadi ne ke nan. Me ya haɗa shi da yaɗuwar sankara?

Makrofaj aiki biyu ya iya: yaƙi da gyara. Idan ka ciji harshenka, su ne ke share wurin, sannan su kira sabbin jijiyoyin jini don ciwon ya haɗe. Wannan aiki na biyu shi ƙarin sankara ke sacewa. Yakan saki sinadarai irin su CCL2 da CSF-1, ya janyo su daga jini, ya sa su ɗauka cewa rauni ne ke neman magani. Shi ya sa likita Harold Dvorak, a 1986, ya kira ƙari raunin da ba ya warkewa.

Da sun iso, sai su kama hidima tsakani da Allah. Su fitar da sinadarin VEGF, jijiyoyin jini su tsiro, ƙarin ya samu abinci. Su fitar da sinadaran da ke narkar da shimfiɗar da ke riƙe fatar cikin baki, nan ne fa bango ke tsagewa. Sannan su saki sinadarin IL-10, wanda ke sanyaya gwiwar ƙwayoyin T, mayaƙan da ya kamata su kashe sankarar. Da ɗan gari akan ci gari.

Masana kan kira makrofaj masu yaƙi M1, masu gyaran kuma M2, ko da yake a ganina rabon ya yi sauƙi da yawa, don ƙwaya ɗaya kan sauya hali gwargwadon inda ta tsinci kanta.

A baki lamarin ya fi tsanani, saboda harshe da ƙasansa cike suke da hanyoyin ruwan jiki masu zubawa a kaluluwar wuya. Can sankarar kan fara yada zango: kumburi mai tauri a ƙarƙashin haɓa, sau da yawa ba zafi. Bincike da dama sun nuna cewa ƙarin da ya tara makrofaj masu alamar CD163, wato alamar da ake gane masu gyaran da ita, ya fi saurin kaiwa wuya.

Magungunan pembrolizumab da nivolumab, da Amurka ta amince da su a 2016 don sankarar kai da wuya da ta dawo ko ta bazu, ƙwayoyin T suke kwance wa dabaibayi, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Magungunan da ke juya makrofaj ɗin su koma fagen yaƙi kuwa suna matakin gwaji.