Wayar nitinol mai tuna siffa

Wayar nitinol siririyar waya ce ta gaurayen ƙarfe da ke tsukewa idan ta ɗau zafi, ta sake jiki idan ta huce. Masu ƙera kaya na amfani da wannan tsukewar wajen jan sakata, buɗe bawul ko gusar da gilashin kyamara, a wuraren da ƙaramin injin lantarki zai yi nauyi ko ƙara. Ana haɗa ta da nikel da taitaniyam, nikel ɗin kimanin kashi 55 cikin ɗari na nauyinta.

Tarihi

Masanin sinadarai ɗan Suwidin, Arne Ölander, shi ake dangantawa da fara lura da irin wannan hali a 1932, a cikin haɗin zinari da kadmiyam. Wasu masu bincike biyu, Chang da Read, sun sake bayyana shi a 1951 a wannan haɗin dai. Sai dai abin bai fita daga ɗakin gwaji ba, don babu mai ƙera kayan kasuwa da zinari da ƙarfe mai guba.

Labarin ya sauya a cibiyar binciken makamai ta sojojin ruwan Amurka da ke White Oak a jihar Maryland. A can William Buehler yake neman ƙarfen da zai jure zafi da bugu don kan makami mai linzami. Wajen 1959 ya lura cewa sandar haɗin nikel da taitaniyam idan ta huce aka yar da ita ƙasa sai ta yi tim kamar dalma, mai ɗumi kuwa sai ta yi ƙara kamar ƙararrawa. Wannan ya nuna masa cewa wani abu na sauyawa a cikin ƙarfen tsakanin sanyi da ɗumi. Daga baya, a 1961 ko 1962 (ruwayoyi sun saɓa), aka kai wani siririn falle da aka nannaɗe zaman shugabannin cibiyar, yana yawo hannu zuwa hannu. Ɗaya daga cikinsu, David Muzzey, ya kunna masa laitar da yake kunna lofe da ita, nan take fallen ya miƙe ya koma yadda yake tun farko. Frederick Wang, wanda ya haɗu da Buehler a 1962, shi ya yi aikin gano abin da ke faruwa a tsarin ƙwayoyin zarrar ƙarfen. Sunan nitinol an harhaɗa shi ne daga haruffan farko na ƙarafan biyu da na sunan cibiyar da Turanci, wato Naval Ordnance Laboratory.

Amfani na farko da ya yi kasuwa ba na waya ba ne. Kamfanin Raychem ya yi mahaɗan bututun man haidirolik na jirgin yaƙi F-14 wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, waɗanda ake sanyawa da sanyi su damƙe bututu idan sun ɗumama.

Yadda take aiki

Ƙarfen yana da yanayi biyu. Da sanyi yana yanayin da ake kira matensait, mai laushi, ana iya jansa ya ƙara tsawo. Da zafi sai ya koma ostenait, ya nemi siffar da aka gasa shi a kai a zafin da ya kai kimanin digiri 500 na ma'aunin Selshiyas. A kayan lantarki wuta ake bi da ita ta cikin wayar, ita ce ke ɗumama kanta. Wayoyin da ake sayarwa, irin su Flexinol na kamfanin Dynalloy, galibi suna tsukewa ne a digiri 70 ko 90.

Tsukewar ba ta da yawa, kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na tsawonta, wato waya mai santimita 10 za ta ja abin da bai wuce milimita 5 ba. Ƙarfin ne abin mamaki. Waya mai kaurin milimita 0.1, kusan silin gashi, tana jan abin da ya haura giram 140. Mai kaurin milimita 0.25 tana jan kusan giram 900, amma tana cin wuta kusan amfiya ɗaya, kuma sai ta yi daƙiƙa biyar ko kusa da haka kafin ta huce. Wayar ja kawai ta iya, ba ta turawa, don haka dole a haɗa ta da sifirin ko wata waya da za ta maido da ita.

Inda ake amfani da ita

A motoci ta fi samun gindin zama a kujeru. Kujerun da ke da jakunkunan iska masu tallafe baya suna buƙatar ƙananan bawul da yawa daf da jikin fasinja, kuma bawul ɗin waya ba ya ƙara. Kamfanin Alfmeier na Jamus da SAES Getters na Italiya sun kafa kamfanin haɗin gwiwa, Actuator Solutions, don irin wannan aiki. Motar Chevrolet Corvette ta 2014 ta yi amfani da waya wajen buɗe ƙofar iska a baya, domin iska ta fita murfin but ya rufu da sauƙi. Wannan ya rage kimanin rabin kilo daga nauyin injin da ta maye gurbinsa.

A wayoyin salula, kamfanin Cambridge Mechatronics na Ingila ya tsara hanyar ɗaure gilashin kyamara da silin waya huɗu ko takwas, masu kauri kusan milimita 0.025, suna gyara rawar hannun mai ɗaukar hoto. Sirantarsu ce ke sa su huce da wuri. Wani amfanin shi ne ba sa buƙatar mayen ƙarfe, wanda ke iya dagula wa kyamarar da ke maƙwabtaka lissafi.

Famfon insulin na Omnipod, da masu ciwon suga ke mannawa a jiki, waya ce ke juya ƙaramin haƙorin da ke tura maganin kaɗan-kaɗan. A duniyar Mars kuma, ƙaramar motar Sojourner ta 1997 ta ɗauki wayar nitinol da ke kawar da murfin gilashi daga kan ƙwayar sola, don a auna yawan ƙurar da ta kwanta.

Matsaloli

Yawancin wutar da aka ba wayar zafi take zama, ɗan kaɗan ne ke komawa aiki, shi ya sa ba ta dace da abin da ke motsi ba dare ba rana a kan batir ba. Zafin wuri ma na shiga lissafi: a motar da ta wuni a rana, wayar digiri 70 na iya ƙin sakin jiki. Dalma ba ta kama ta da kyau, sai dai a matse bakinta da ƙarfe. Idan aka yi mata lodi fiye da kima ko aka ƙona ta, takan miƙe ta daina komawa daidai.

Kan yawan zagayen da za ta yi kafin ta gaji, alƙaluman kamfanoni da na masu bincike ba koyaushe suke daidaituwa ba. An dai yarda cewa rage tsukewar zuwa kashi 2 ko 3 na tsawaita rayuwarta ƙwarai.