Tikitin jirgin fito: na zuwa kaɗai da na zuwa da dawowa

Jirgin fito shi ne jirgin ruwan da ke jigilar mutane da motoci da kaya tsakanin gaɓa biyu, a kan hanya ɗaya da lokaci sananne. Tikitinsa iri biyu ne: na zuwa kaɗai, da na zuwa da dawowa, wanda a Damagaram da sauran garuruwan Nijar aka fi kira ale-retur. Akwai kuma wani a tsakaninsu, buɗaɗɗen tikiti, wanda mutum ke biyan kuɗin dawowa tun farko amma ya bar ranar sai daga baya.

Nijar ba ta da teku, kuma fiton da yawancin mutanenta suka sani shi ne na kogin Kwara, inda ake biya a bakin ruwa a ƙetare. Duk da haka mutanen Zinder, wato Damagaram, sun daɗe suna haɗuwa da manyan jiragen fito a ƙasashen waje. Alhazan da, masu bin ƙasa ta Cadi da Sudan, a Sawakin suke hawa jirgi su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Da yawansu tafiyar zuwa kaɗai suka yi: suna tafe suna noma da ƙodago, wasu su shekara biyar a hanya, wasu su zauna can har su bar zuriya. A yau ɗalibai da ƴan kasuwa da masu zuwa ganin dangi ne ke hawan jiragen Bahar Rum, daga Aljas ta Aljeriya zuwa Marsai ta Faransa, daga Oran ta Aljeriya zuwa Alikante ta Sifen, daga Tunis zuwa Marsai ko Jenowa ta Italiya, ko daga Tanja ta Maroko zuwa kudancin Sifen. Sai dai zamanin tafiya ba ranar dawowa ya ƙare a bakin iyakoki da yawa, kuma wannan shi ya sa zaɓin tikiti ya zama abin tunani.

Batun kuɗi

Galibi tikitin zuwa da dawowa ya fi sauƙin kuɗi a kan sayen na zuwa kaɗai sau biyu, domin kamfani yana son ya tabbatar da fasinjansa a tafiya biyun. Amma ragin ba ɗaya ba ne ko'ina. A gajerun hanyoyi, kamar Tarifa ta Sifen zuwa Tanja da jirgi mai sauri ke yi cikin kusan awa ɗaya, bambancin kan zama kaɗan. A hanyar Dover zuwa Kale, tsakanin Ingila da Faransa, wadda ke cin kusan minti 90, akan sami tikitin zuwa da dawowa na yini ɗaya da ya fi na zuwa kaɗai araha. Wasu kan saye shi da niyyar watsar da rabin dawowar, alhali sharuɗɗan kamfanonin sukan ba su ikon cajin cikon kuɗin idan ba a yi tafiya biyun ba. Wanda ya biya da katin banki, a can za a cire.

A dogayen hanyoyi, irin Aljas zuwa Marsai da ke ɗaukar kusan kwana guda, kujera ba ita ce babban kuɗi ba. Ɗakin kwana da wurin mota su ne masu nauyi, su ne kuma ke fara ƙarewa. Tun da an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957, mutumin Damagaram yana iya lissafinsa tun daga gida ba tare da fargabar canji ba: kowane yuro 100 jaka sittin da biyar ne da ƴan kai.

Abin da ake nufi da sassauci

Mutane da yawa sun ɗauka tikitin zuwa kaɗai shi ne na mai son walwala. Gaskiya ne ta fuska ɗaya. Wanda ya shiga Sifen ta Aljesiras yana da damar dawowa ta Almeriya, ko ya wuce Faransa ya hau jirgin sama, ko ya canza kamfani idan na farko bai yi masa ba. Duk wanda bai san ta wace tasha zai fito ba, wannan tikitin ne nasa, kuma babu ragin da ya kai ya ɗaure kansa saboda shi.

Ta ɗaya fuskar kuwa, walwalar ta dogara ne ga samun wuri ranar da aka tashi dawowa. Daga tsakiyar watan Yuni zuwa tsakiyar Satumba, miliyoyin ƴan Maroko da Aljeriya mazauna Turai suna sauka gida hutu da motocinsu maƙare da kaya har saman rufi. Hukumomin Maroko da na Sifen suna yin shiri na musamman kowace shekara saboda wannan cunkoso; na Maroko shi ake kira Marhaba. A farkon lokacin, jiragen da ke zuwa kudu ne ke cika. A ƙarshen Agusta kuma kowa ya juya arewa lokaci guda. Mai tikitin zuwa kaɗai da ya faɗa cikin wannan guguwa yana iya kwana biyu ko uku a tasha, yana cin kuɗin masauki da abinci fiye da abin da ya yi tsammanin ya tsira da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne ake gane cewa sassauci na gaskiya yana cikin sharuɗɗan tikiti, ba a sunansa ba. Kusan kowane babban kamfani yana da farashi hawa-hawa: mafi araha, wanda ba a canza shi ba a mayar da kuɗinsa, na tsakiya, da ake canza rana a biya ɗan wani abu, da mai tsada, wanda ake sauyawa ko sokewa kusan kyauta har zuwa wani wa'adi kafin tashi. Ko a mai tsadar ma, idan sabuwar ranar ta fi tsada, fasinja ne ke cika bambancin.

Wannan ya shafi mutanenmu ƙwarai. A tambayi dattijo a gaban tagar sayar da tikiti, "Alhaji, wace rana za a rubuta maka ta dawowa?" zai ce, "Bayan salla, in Allah ya yarda." Bayan salla kuwa ba rana ba ce a wurin na'ura. Sai an ga wata, ga shi kalandar Musulunci tana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara. Haka ɗalibin da ke jiran sakamakon jarrabawa, da wanda ya raka mara lafiya sai likita ya sallame su. Irin waɗannan, tikitin zuwa da dawowa mai izinin canza rana ya fi musu komai.

Buɗaɗɗen tikiti yana kama da mafita, kuma a hanyoyin da jirgi ke tashi sau da yawa a yini yana aiki sosai. Amma bai riƙe wa kowa kujera ba. Sai mai shi ya je ofis ko ya shiga intanet ya tsayar da rana, kuma yana da wa'adi, sau da yawa shekara ɗaya.

Biza da bakin iyaka

Ga mai fasfon Nijar, sau da yawa ba shi ke yanke hukunci ba, takarda ce. Bizar Shengen ta ɗan gajeren zama, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, har kwana 90 take bayarwa cikin kowane kwana 180, kuma cikin abin da ake nema tun a ofishin jakadanci akwai shaidar cewa mutum zai fita kafin ta ƙare. Jami'in iyaka yana da ikon sake tambaya a tasha, har da abin da za a ci da kuɗin komawa. Kamfanonin jiragen ma suna duba fasfo da biza kafin a hau, domin dokar Tarayyar Turai tana cin tarar duk wanda ya kawo fasinja marar cikakkun takardu, ta kuma ɗora masa mayar da shi. Ba lallai shaidar fita ta zama ta jirgin ruwa ba. Tikitin jirgin sama zuwa Yamai ma ya isa. Mai takardar zama ko bizar karatu ta dogon lokaci shi ne ke tafiya da tikitin zuwa kaɗai hankali kwance.

Idan jirgi ya makara

Teku ba ta bin jadawali. A mashigin Jibraltar, tsakanin Sifen da Maroko, iskar gabas kan tilasta rufe tashar Tarifa, a karkatar da mutane zuwa Aljesiras, wadda jiragenta ke sauka a Tanja Med, kimanin kilomita 40 daga cikin birnin Tanja.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1177/2010, wadda ta fara aiki a Disambar 2012, ta tanadi haƙƙin fasinjan da ya tashi daga tashar wata ƙasar Tarayyar, ko ya nufe ta a jirgin kamfanin Tarayyar. Idan an soke tafiya ko tashi ya yi jinkirin fiye da minti 90, fasinja zai zaɓa: a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 7, ko a sa shi a wani jirgi ba ƙarin ko dala. Idan isowa ce ta makara, akwai diyya ta kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, bayan awa ɗaya a tafiyar da ba ta wuce awa 4 ba, ko bayan awa 3 a tafiya mai awa 8 zuwa 24. Jinkirin ya ninka, diyyar ta koma kashi 50. Ba a biyan ta idan mugun yanayi ne ya hana tafiya.

Nau'in tikiti yana canza lissafin. A na zuwa da dawowa, kan rabin kuɗin ake auna diyya: wanda ya biya yuro 200 jirginsa ya makara a tafiya ɗaya, yuro 25 zai karɓa, wajen jaka goma sha shida. Mai buɗaɗɗen tikiti kuwa, muddin bai tsayar da lokacin tashi ba, wannan kariyar ba ta hau kansa ba tukuna. Ranar da aka buga masa kwanan wata da awa a takardarsa, daga nan take fara aiki.