Tabarau Mai Hangen Taurari Ƙirar Dobson: Saiti, Wanki da Gyara

Tabarau ƙirar Dobson na'urar hangen sararin sama ce da ke tattara haske da madubi, a kan mazauni na katako mai juyawa hagu da dama, sama da ƙasa. Tsarin madubansa na masanin kimiyya Isaac Newton ne, wanda ya ƙera irinsa na farko a Ingila a 1668. Mazaunin kuwa sunan John Dobson (1915–2014) ya ci, mutumin da ya yaɗa shi a birnin San Faransisko na Amurka, inda ya riƙa haɗa manyan tabarau da katako da bututun kwali, yana fito da su bakin titi don masu wucewa su leƙa. Har yau shi ne hanya mafi araha ta mallakar babban madubi, kuma kusan duk abin da ya ɓaci a jikinsa mai shi na iya gyarawa da hannunsa.

Yadda yake aiki

Haske yana shiga ta buɗaɗɗen bakin bututu, ya sauka kan babban madubi mai zurfi kamar tasa da ke can gindi. Daga nan ya dawo a tattare zuwa ƙaramin madubi da ke rataye kusa da baki a karkace, digiri 45, shi kuma ya tura shi gefe zuwa gilashin ido. Wanda ya fi yawa a hannun masu sha'awa shi ne mai faɗin madubi milimita 200 da nisan tattara haske milimita 1200. Idan aka raba nisan da faɗin za a sami 6, shi ya sa ake rubuta f/6 a jikinsa.

Ana gane yawan ƙara girma ta raba nisan tattara haske da lambar da ke jikin gilashin ido. Gilashi mai milimita 25 yana ba da ninki 48, mai milimita 10 yana ba da ninki 120. A lissafi madubi mai milimita 200 zai iya kai ninki 400, amma motsin iskar sama ba kasafai yake barin a wuce 200 ba. Ninki 120 ya isa a ga zoben Zuhal da ratsin jikin Mushtari da watanninsa huɗu da masanin taurari Galileo ya gani a 1610.

Kafawa

A ajiye shi a ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya. Daɓen siminti da rufin kwano suna shan rana su yi ta fitar da zafi bayan magariba, hoton da aka hanga ta samansu kuwa rawa yake yi kamar kawalwalniya. Madubin kansa yana buƙatar minti talatin zuwa awa ɗaya a waje kafin ya huce daidai da iskar dare. Mutane da yawa sun zargi madubinsu da rashin inganci alhali zafi ne bai gama fita ba.

Ƙaramin tabarau na saiti da ke goye a bayan bututu da sauran haske ake daidaita shi. A nemi kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis mai nisan kilomita guda, a sa shi tsakiyar gilashin ido, sannan a murɗa sukurorin ƙaramin har ya nuna wuri ɗaya. Kada a taɓa juya bakin bututu wajen rana: hasken da madubin ya tattara yana makantar da ido nan take, kuma makantar ba ta warkewa.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mazauna ƙasar Hausa. Wannan mazauni yana wuyar juyawa in bututu ya miƙe tsaye cak, domin hannu ba ya samun abin turawa. A Kano, da ke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, wata da Mushtari da Zuhal kan bi ta kusa da tsakar ka. Dabara ita ce a kalle su awa ɗaya ko biyu kafin su kai can ko bayan sun gota, ko kuma a kama akwatin katakon da hannu biyu a juya shi.

Saitin madubai

Nan ne akasarin ɓacin hoto yake samo asali. A madubi f/6, fagen da taurari ke fita tsaf faɗinsa bai kai milimita 5 ba, a f/5 kuwa bai kai 3 ba. In wannan ɗan fage ya kauce daga tsakiyar gilashin ido, kowane tauraro sai ya fito da jela. Tafiya ɗaya a bayan mota kan hanya mai gargada ta isa ta kautar da shi.

Kayan aikin ba su da tsada. Murfin roba da ya shiga mazaunin gilashin ido daidai, mai faɗin inci 1.25, a huda tsakiyarsa milimita 2, ya wadatar. Ana kuma buƙatar alama a tsakiyar babban madubi, ɗan zoben takarda mai gam. Yawancin masana'antu suna maƙala shi tun daga can. Ba ya rage komai, don yana cikin inuwar ƙaramin madubi.

Da ƙaramin madubi ake farawa, kuma a kwantar da bututu tukuna, saboda makulli da ya suɓuce daga hannu a bututu mai kallon sama kan babban madubi zai sauka. A leƙa ta hudar murfin. Ƙaramin madubi ya kamata ya bayyana da'ira sosai, a tsakiyar ramin mazaunin gilashin ido. In ya yi gaba ko baya, a sassauta sukurori ukun da ke bayansa, a matsar da shi da notin tsakiya. Daga nan a yi ta wasa da ukun, a sassauta ɗaya a ɗaure biyu, har a ga babban madubi gaba ɗayansa tare da 'yan maƙalai ukun da ke riƙe da bakinsa. Wannan mataki yana cin lokaci, amma in an yi shi da kyau yakan yi watanni bai motsa ba.

Babban madubi shi ake dubawa kowane dare. A gindin bututu akwai sukurori shida: uku masu sifirin na saiti, uku na kullewa. A sassauta na kullewa, a riƙa murɗa na saitin rubu'in zagaye kawai ana leƙawa, har ɗigon hudar murfin ya shiga tsakiyar zoben takarda. Biyu daga ciki sun isa. In ana taɓa duka ukun kullum, madubin yana tafiya gaba ko baya har sifirin ya saki. A mayar da na kullewa a hankali, don ɗaurin ƙarfi yana ɓata saitin da aka gama. Mai yin saiti da na'urar leza ya fara gwada ita kanta: a kwantar da ita a mirgina, in ɗigonta ya zana da'ira a bango, ita ma a karkace take.

Hukunci na ƙarshe na tauraro ne. A sa tauraro mai haske a tsakiya da ninki 120 ko fiye, a ɗan matsar da gilashin ido ciki ko waje har hoton ya buɗe ya zama faifai mai baƙin ɗigo. Ɗigon ya zauna tsakiya, zobban su kewaye shi daidai. In faifan ya fito da kusurwa uku, maƙalan nan ne suka matse madubin. Ba aikinsu ba ne su danne shi, hana shi faɗowa kawai suke yi, don haka a bar ratar da katin waya zai ratsa.

Ƙura da wanki

Saman madubin fentin alminiyam ne da kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba. Ƙurar hunturu, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi, tana ɗauke da ƙwayar yashi da ta fi gilashi tauri, saboda haka goge madubi a bushe da tsumma daidai yake da cuɗa shi da yashi. Ƙura kaɗan ba ta rage gani yadda ake zato, kuma hasken tocila yana sa ko tsabtataccen madubi ya zama abin tsoro. Wanki sau ɗaya a shekara, bayan hazo ya ɗauke, ya isa.

Kafin a ciro madubin, a sa alama da tef a bakin bututu da mazaunin madubi don a mayar da shi yadda yake. A cire zoben hannu da agogo. A shimfiɗa tawul a cikin baho, a ɗora madubin fuskarsa sama, a kwarara masa ruwa mai ɗan ɗumi har yashin ya tafi. A jiƙa shi minti goma da ɗigo biyu na sabulun wanke-wanke na ruwa, ban da garin sabulu. Sannan a ja dunƙulen auduga a kansa a cikin ruwan, da nauyin audugar kaɗai, a jefar da ita bayan kowane ja. Ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa irin na ɗakin gwaji ake yi, don ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tabon gishiri. Mai sayen ruwan batir ya tabbata ba mai asid aka ba shi ba. A jingine madubin a tsaye ya tsane da kansa. Da damina kuwa a bar raɓa ta bushe kafin a rufe bututu, in ba haka ba danshi yana cin fentin, funfuna kuma ta kama gilashin ido.

Gyare-gyaren da suka cancanci wahala

Mazaunin katakon yana zamewa ne a kan 'yan guntaye uku na Teflon, wata roba mai santsi. A ninki 120 tauraro kan ratsa fage cikin kamar daƙiƙa 100, don haka mazaunin da ke cijewa sannan ya fizge yana hana kallo. Kada a zuba mai ko giris, yashi suke tarawa. A goge farfajiyar, a shafa busasshen sabulu. In har yanzu da nauyi, a yanka washa biyu ko uku daga jarkar roba a zura a notin tsakiyar mazaunin, su ɗauke wa Teflon wani kaso na nauyin. In sun yi yawa, mazaunin zai fara tangaɗi, sai a cire ɗaya.

Bututun da ke sunkuyawa idan an sa gilashi mai nauyi, mayen ƙarfe na tsohuwar sifika naɗe da tsumma, a manna kusa da gindi, yana maganinsa, muddin bututun na ƙarfe ne. Fankar kwamfuta mai milimita 80 da bolt 12, a rataye ta da roba a bayan madubi tana hura masa iska, tana rage jiran hucewa sosai. Robar ce ke hana girgizarta isa ga hoto. Mazauna unguwa mai fitilu kuma su liƙa baƙin ƙyalle mai gashi-gashi, faɗin tafin hannu biyu, a cikin bututu daura da mazaunin gilashin ido, wurin da hasken gefe ke fara dukan bango kafin ya shiga ido.