Waiwaye: lissafin annoba da rabon Maraɗi a cikinsa

Masana lissafi sun daɗe da sa hannu a harkar annoba. A 1760 Daniel Bernoulli ya lissafa shekarun da rigakafin agana zai ƙara wa rayuwar jama'a. Ronald Ross, wanda ya gano ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro a 1897, ya nuna da alƙalami cewa ba sai an ƙarar da sauro duka ba: in yawansu ya sauka ƙasa da wani mizani, cutar za ta mutu da kanta. A 1927 Kermack da McKendrick suka kasa jama'a gida uku: waɗanda cuta ke iya kamawa, masu ɗauke da ita, da waɗanda suka warke ko suka rasu. Har gobe da wannan rabon ake fara koyar da ɗalibi.

Mu a nan sanƙarau ne ya fara jawo hankali. A 1963 likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana zirin ƙasashen da cutar ke addaba, Nijar na tsakiyarsa. Yau in gunduma ta samu masu sanƙarau 10 cikin mutum 100,000 a mako guda, an shiga annoba ke nan, sai a tashi allura.

Amma labarin da ya fi taɓa ni na ƙyanda ne, baƙon dauro. A 2011 mujallar Science ta buga binciken Nita Bharti da abokan aikinta kan Yamai, Maraɗi da Damagaram. Sun auna hasken wutar dare a hotunan tauraron ɗan Adam, suka ga da an gama girbi garuruwan nan sai su ƙara haske, saboda 'yan cin rani sun shigo. A daidai lokacin ne ƙyanda ke bazuwa. Damina na faɗuwa, mutane su koma gona, cutar ta lafa. Kowace tsohuwa a Maraɗi ta san da rani baƙon ke zuwa. Alƙaluman ma ma'aikatan asibitocinmu ne suka cika su a rajista, mako bayan mako, amma lissafin a jami'o'in Amurka aka yi shi. Wannan yana damuna ƙwarai.

Ƙofofin horo sun fara buɗewa. Cibiyar koyar da lissafi ta Afirka, AIMS, ta soma a Afirka ta Kudu a 2003, ta kafa reshe a Mbour ta Senegal a 2011, ko da yake da yawan kwasa-kwasan fannin da Ingilishi ake yinsu, yaranmu kuwa da Faransanci suka yi karatu. A gida muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ga cibiyar bincike ta Epicentre da ta gwada rigakafin gudawar yara a Madarumfa. Manhajar R, ta nazarin alƙaluma, kyauta ce, ƙaramar kwamfuta ta ishe ta. Abin da ya rage shi ne a zaunar da ɗalibin lissafi da jami'in sa ido kan cututtuka a aji ɗaya, da rajistar gundumarsu a gabansu.