Shin lissafi zai iya rage rabuwar kawuna a kafafen sada zumunta?

Ta yaya ra'ayin mutum yake zama lamba?

Masana suna zana jama'a a matsayin ɗigo-ɗigo, su ja layi tsakanin duk mutum biyu da ke sauraron juna, kuma kowane layi yana da nauyinsa gwargwadon yawan hulɗa. Ana ba ra'ayin kowa lamba daga -1 zuwa +1. Tsarin da aka fi aiki da shi na Noah Friedkin da Eugene Johnsen ne, na shekarar 1990, wanda ya ce abin da mutum yake furtawa gauraye ne na ra'ayinsa na asali, wanda ba ya sakinsa, da abin da yake ji daga abokansa.

A ɗauki matasa biyu a wata fada ta unguwar Bukoki a Yamai, ɗaya yana goyon bayan wata manufa ɗari bisa ɗari, wato +1, ɗayan kuma yana adawa da ita haka nan, wato -1. Idan ba sa magana da juna, kowa yana nan inda yake. Idan aka haɗa su da layi mai nauyi 1, lissafin ya nuna cewa na farko zai sauko zuwa kashi ɗaya bisa uku, na biyu kuma ya tsaya a daidai wannan ta ɓangaren adawa. Ba su daidaita ba, amma tazarar da ke tsakaninsu ta ragu sosai.

To, mene ne ake neman ragewa?

Abubuwa biyu ne, kuma suna jan juna. Na farko shi ne nisan da ra'ayoyin jama'a suka yi daga matsakaici, na biyu kuma shi ne saɓanin da ke tsakanin waɗanda suke hulɗa kai tsaye. Kamfanin sada zumunta da yake nuna wa kowa abin da yake so kaɗai zai kawar da saɓani, amma jama'a za su dare gida biyu. A shekarar 2018 Cameron Musco da Christopher Musco da Charalampos Tsourakakis suka haɗa ma'aunan biyu wuri ɗaya, suka nuna cewa idan aka ƙayyade jimillar nauyin layukan, matsalar tana da siffar ƙwarya: duk inda aka fara gangarowa, gindi ɗaya za a tarar, don haka kwamfuta tana iya gano tsarin layuka mafi kyau ba tare da ta gwada kowane ɗaya ba.

Akwai kuma hanyar zaɓo ƴan mutane kaɗan a jawo su tsakiya. Gano mafi dacewa cikinsu yana cikin matsalolin da ba a san hanyar warware su da sauri ba, shi ya sa ake ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, kowane lokaci wanda ya fi tasiri.

Ke nan sai a haɗa masu adawa kawai?

A nan ne raunin tsarin yake, a ganina, domin ya ɗauka cewa duk wanda ya saurari wani zai matso kusa da shi. A wani gwaji da Chris Bail na Jami'ar Duke da abokan aikinsa suka wallafa a 2018, an biya masu amfani da Twitter a Amurka kuɗi su riƙa karanta saƙonnin ɓangaren adawa tsawon wata guda, sai magoya bayan jam'iyyar Republican suka ƙara kafewa kan ra'ayinsu.

Za a iya amfani da wannan lissafi a Nijar?

Da wuya a yanzu. Muhawara da dama a Yamai da Tawa a zaurukan WhatsApp take gudana, sau da yawa da saƙon murya cikin Hausa ko Zabarmanci, kuma saƙonnin a kulle suke, ko kamfanin ba ya jin abin da aka faɗa. Wanda bai san ra'ayin kowa na asali ba, bai kuma san nauyin layukan ba, ba shi da lambobin da zai saka a lissafin.