Dandalin unguwa

Dandalin unguwa shi ne duk wani fili da ke tsakanin gidaje wanda kowa ke iya shiga ba gayyata, ba biyan kuɗi. Ya haɗa da filin tsakiyar unguwa, da lambun shaƙatawa, da filin wasan yara, har da bakin titi in yana da faɗi da inuwa. Ba kamar zauren taro ba, ba shi da lokacin buɗewa ko na tashi. Jama'a ce ke sauyawa a cikinsa, wasu su tashi wasu su zo, tun asuba har dare.

Tarihi

Dandalin tsohon birnin Atina na ƙasar Girka, wanda ake kira Agora, ya zama wurin taruwar jama'a tun wajen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A nan ake ciniki, a nan ake shari'a da muhawara, kuma an kewaye shi da dogayen rumfuna masu ginshiƙai don masu gudun rana da ruwan sama. A birnin Rum kuwa, safiya ta dandali ce da harkokin kotu, da rana ta karya sai a nufi gidajen wanka na jama'a, inda hira ke ci gaba. Akwai ma wata doka da galibi ake danganta ta da Julius Kaisar, mai mulkin Rum, wajen shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ta hana yawancin amalanke shiga gari da rana, sai dai da yamma liƙis da dare.

A 1573 Sarki Filibus na Biyu na Sifaniya ya kafa ƙa'idojin gina garuruwa a ƙasashen da ya mallaka a nahiyar Amurka. Daga dandali ake fara shata gari, kuma tsawonsa kada ya gaza faɗinsa sau ɗaya da rabi. Shi ya sa har yau garuruwan Latin Amurka da yawa suke da fili a tsakiya, coci a gefe guda, gidan hukuma a ɗaya gefen.

Binciken ƙarni na 20

A littafinta na 1961, Jane Jacobs, marubuciya kan tsarin birane, ta kawo misali da dandalin Rittenhouse a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka. Ta lura cewa ba ya rabuwa da mutane saboda gidaje da ofisoshi da shaguna sun kewaye shi, kowa da lokacin fitowarsa. Filin da ofisoshi kaɗai suka zagaye, da an tashi aiki sai ya mutu.

William Whyte, wani Ba'amurke mai nazarin rayuwar birane, ya bi al'amarin da kyamara. Daga wajen 1970 shi da abokan aikinsa suka riƙa ɗaukar hotunan filayen New York daga saman gine-gine, musamman na gaban ginin Seagram. Sun gano cewa cunkoso ya fi yawa tsakanin sha biyu da biyu na rana, kuma abin da ke tara mutane, fiye da kyan gini, shi ne wurin zama. An fi son kujerar da ake iya ja, ko da taku ɗaya mutum zai matsar da ita kafin ya zauna. Filin da mata suka yawaita a cikinsa, yawanci shi ne mai kyau, don su suka fi tantance inda za su zauna. A 1975 birnin ya shigar da wasu daga cikin shawarwarinsa cikin dokar gine-gine, har da adadin wurin zaman da ya wajaba a tanada.

Yadda yini ke tafiya

Da sassafe masu motsa jiki ne da masu ratsawa zuwa aiki ko makaranta. Hantsi na tsofaffi ne da masu rainon ƙananan yara. Bayan an tashi makaranta yara su mamaye wurin, da la'asar sakaliya manya su fito shan iska, dare kuma na matasa. A ƙasashe masu zafi tsakar rana fili kan zama wayam, jama'a na bin inuwa tana juyawa. A masu sanyi kuwa hantsi ake nema.

Taƙaddama

Ana ja-in-ja kan hayaniyar dare, da 'yan tireda, da kujerun da ake ƙerawa da gangan don kada marasa matsuguni su kwanta a kai. Haka kuma kan filayen da kamfanoni suka mallaka amma aka buɗe wa jama'a, inda masu gadi ke da ikon korar mutum.