Wai ƙaramin gari ma yana iya mallakar jirgin ƙarƙashin ƙasa? Labarin metro na Lozan

Shekaranjiya da dare muna zaune wurin mai shayi nan Tudun Wada a Gusau gardama ta kaure, wani abokinmu ya rantse cewa metro sai birni mai miliyoyin mutane irin Landan ko Alƙahira, ni kuwa na ce mishi akwai garin da bai kai Gusau yawan jama'a ba kuma yana da nashi. Tambayoyin da anka yi mini ke nan da abin da na amsa.

Wane gari ne wanga?

Lozan, ƙasar Suwizalan, ɓangaren da suke jin Faransanci, bakin tafkin Janeba. Nan hedikwatar kwamitin wasannin Olamfik na duniya take. Mutanen cikin garin wajen 140,000 ne kawai, in an haɗa da garuruwan kewaye su haura 400,000. Kafin su, garin Ren na Faransa ke riƙe da kambun ƙaramin birni mai metro tun 2002, sai Lozan ta amshe a 2008.

To mi ya kai su, ba motoci ne?

Akwai mota akwai bas, matsalar tudu ce. Garin a jikin gangare yake, bakin ruwa na ƙasa, tashar jirgin ƙasa na tsakiya, kasuwa da tsohon gari na sama, babban asibiti ya ƙara hawa. Ka ɗauka an gina Sabon Gari a gindin dutsen Kwatarkwashi an kai asibiti can bisa, kullum sai ka hau ka sauka, ai ko kabu-kabu sai ya gaji. Layin da ake kira M2 tsawonshi kilomita 5.9 ne kacal da tashoshi 14, amma daga Ushi da ke bakin tafki zuwa tasha ta ƙarshe jirgin na hawan mita 338.

Rana ɗaya sunka tashi sunka haƙa rami?

A'a, kuma nan ne labarin ya fi yi mini daɗi. Tun 1877 sunka shimfiɗa layi daga bakin tafki zuwa cikin gari, tarago ne ake ja da igiyar ƙarfe, injin da ke jan igiyar kuma ƙarfin ruwa ke juya shi, ruwan da anka janyo daga wani tafki da ke saman tuddai. Mutanen garin har laƙabi sunka sa mishi da Faransanci mai ma'anar “zare”. A shekarun 1950 anka cire igiya anka koma jirgin lantarki mai haƙora, wato akwai wani ƙarfe mai tsini-tsini tsakiyar layi da jirgin ke kamawa yana hawa kar ya sulluɓo. Haka anka yi ta lallaɓawa har 2002 da jama'ar jihar sunka jefa ƙuri'a kan ko a kashe kuɗi a gina sabon layi, sunka ce a yi. An rufe tsohon a farkon 2006, anka bi sawunshi anka kuma ƙara rami zuwa arewacin gari, Oktoban 2008 ya fara ɗaukar fasinja. Ka lissafa, shekara 131 tsakanin igiya da metro.

Ya jirgi ke hawan tudu bai zame ba?

Taya gare shi na roba kamar mota. Ƙafar ƙarfe bisa layin ƙarfe santsi gare ta, in tudu ya yi yawa sai ta riƙa juyawa wuri guda, ita ko roba tana damƙe ƙasa. A wasu wurare layin kan hau mita 12 cikin kowace mita 100, har tashar da ke gaban babbar tashar jirgin ƙasa dandamalinta a karkace yake, kana tsaye kana jin ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Kamfanin Alstom ya ƙera jiragen bisa samfurin na Faris, tarago biyu-biyu, akwai ƙananan tayoyi a gefe masu riƙe shi kan hanya, da ƙafafun ƙarfe a ajiye saboda ko taya ta yi faci.

Kawu mai shayi ya ce, direban fa, ba ya jin tsoro?

Na ce Kawu ai babu direba. Kwamfuta ke tuƙi, ita ke tsayawa ita ke buɗe ƙofa, ma'aikata na zaune ɗaki guda suna kallon komi ta allo. Bakin dandamali kuma akwai bangon gilashi mai ƙofofi da ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya daidai, don kar wani ya faɗa kan layi. Kawu ya ce shi dai ba ya shiga abin da ba wanda zai yi wa magana in ya yi gudu.

Layi ɗaya ne?

Biyu. M1 ya riga shi, 1991, yana zuwa wajen jami'o'in garin har garin Renan da ke maƙwabtaka da Lozan, galibi a sarari yake tafiya kuma da direba. Ana kuma shirin na uku.

Tikiti fa?

Ba shinge a ƙofa, ka saya ka shige abinka, amma masu duba tikiti na shigowa ba sanarwa kuma tarar ba wasa ba ce.

Mu nan Gusau za a iya?

A ganina ba mu da dalilin haƙa rami, garinmu shimfiɗe yake kuma fili bai ƙare ba, ga jirgi maras direba ba ya son a ɗauke wuta ko na minti biyar yana cikin rami da mutane. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mu ma muna da tsohon layi, wanda ya taso daga Zariya ya bi Funtuwa da Gusau ya tiƙe Ƙaura Namoda tun 1929, da shi anka yi ta kwasar gyaɗa da auduga. Da zan samu taragon da ke zirga-zirga Gusau zuwa Ƙaura safe da marece a kan lokaci, wallahi ko da direba goma ne ciki zan shiga.